Leza tsakanin sito biyu a Khumra: me iskar azahar ke yi mata, kuma da me zan auna?

Sanusi Mai Kyamara, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata matsala ce ta hana ni sakat tun farkon watan Yuni, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka karanta ilimin haske, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Sana'ata haɗa kyamarorin tsaro da intanet, shekara goma sha ɗaya ke nan ina yin ta a Jidda. A watan Fabrairu wani ɗan kasuwa mai sito biyu a Khumra, can kudancin gari, ya ce in haɗa masa su, yadda zai zauna a ofis ɗaya yana kallon kyamarorin duka biyun, kwamfutocin ma'aikata kuma su zama a layi ɗaya. Tsakanin siton biyu mita 800 ne, amma akwai titin tireloli da filin wani mutum a tsakiya. Haƙa ƙasa a binne faiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, sai an yi watanni ana neman izini, shi kuma ba shi da wannan haƙurin. Sai muka sayi na'ura mai aika bayanai da hasken leza ta cikin iska, kai biyu, kowanne a saman rufin sito yana kallon ɗan'uwansa. Takardarta ta ce hasken na nanomita 1550 ne, wanda ido ba ya gani. Faɗin gilashin da ke karɓar hasken kamar santimita 10 ne, daga nan ya tattara shi ya zuba cikin siririyar faiba.

Daga Fabrairu har Afrilu ban ji ko tari ba. Zafi na shigowa sai abu ya canza. Da safe lafiya lau. Misalin ƙarfe sha ɗaya da rabi ƙarfin hasken da ke isowa zai fara hawa da sauka, kafin a kira azahar ya fara yankewa, sakan biyu, sakan biyar, ya dawo, ya sake tafiya. Haka za a yi ta fama har bayan la'asar. Kafin magariba kuma sai ya kwanta luf kamar ba shi ba.

Na fara zargin ƙura. Na hau da tsani na goge gilasan biyu, ban ga canji ba, kuma a ranakun da aka yi ƙura sosai ƙarfin hasken raguwa yake yi gaba ɗaya ya tsaya a ƙasa, ba wannan tsalle-tsallen ba. Na zargi rana, ko tana shiga idon na'urar, amma layin daga arewa zuwa kudu yake, kuma a lokacin da abin ya fi tsanani rana tana tsakiyar ka. Na sake ɗaure ƙusoshin ƙafafun, na canza wayar wuta, na canza faibar da ta sauka cikin ofis.

Ranar Talatar da ta wuce na tsaya a bayan na'urar da tsakar rana, na sa tabarau mai hangen nesa na kalli ɗaya siton. Ginin rawa yake yi a idona, gefen katangarsa kamar tutar da iska ke kaɗawa. A nan zuciyata ta ba ni cewa iskar ce da kanta. Na tambayi wanda ya sayar mana, ya ce wai iska mai zafi tana ɓata wa hasken abin da Larabawa ke kira ɗaur, bai iya yi mini bayani fiye da haka ba.

Tambayata biyu ce. Mene ne wannan ɗaur ɗin, a Hausar da zan iya maimaita wa mai sito? Na biyu, kuma ita ta fi damuna: ta yaya ake auna shi? Mutumin nan ya ba ni amana ya zuba kuɗinsa a kan maganata. Ba na son in koma masa da zato, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ina so in je masa da abin da na auna, in kuma san ko matsar da na'urar zan yi, ko ɗaga ta, ko kuwa in gaya masa gaskiya cewa ba za ta yi ba a wannan wurin.

Alhaji Haruna Safiyo, Madina:

Wa alaikumus salam ɗana Sanusi. Tun kafin ka kai ƙarshen bayaninka na gane ta. Kawalwalniya ce, ita da ƙanwarta.

Ni mutumin Mai Wurno ne, a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin safiyo a magudanan ruwan gonakin Jazira, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Sennar tun 1925. Yanzu ina zaune wajen 'yata a nan Madina tun da yaƙi ya taso mu. Leza ban san ta ba sai a ƙarshen aikina, amma wannan rawar da ka gani ta cikin tabarau, da ita na tsufa.

Aikinmu shi ne auna tudu da kwari. Yaro zai riƙe sanda mai lambobi a tsaye, ni ina leƙa ta ta cikin madubin awo. A magudanar ruwa kuskuren santimita kaɗan ya isa ya hana ruwa kaiwa gonar wani bawan Allah. To ƙasar Jazira baƙar laka ce, tana shan rana. Da hantsi ya ɗaga sai ka ga lambobin sandar sun fara motsi, layin da ke cikin madubi yana hawa yana sauka a kan lamba ɗaya, ba ka san inda za ka karanta ba. Waɗanda suka koya mana aiki sun ba mu doka uku. Kada ka karanta sanda ƙasa da rabin mita daga ƙasa, domin nan ne iskar ta fi hauka. In rana ta yi, rage nisa tsakaninka da yaro, wanda kake yi mita hamsin ka mai da shi talatin. In kuma awo ne mai tsada, ka nannaɗe kayanka kafin sha ɗaya, ka dawo bayan la'asar.

Abin da na lura da shi da kaina, kuma ka gwada ka gani: sau biyu a yini iska takan yi tsit, kamar sa'a ɗaya bayan fitowar rana, da kuma kamar sa'a ɗaya kafin faɗuwarta. A lokacin zafin ƙasa da na iskar da ke kanta sun zo daidai, babu mai dafa wani. Lambobi sukan tsaya cak kamar an rubuta su a kan idonka. Wannan kwanciyar da ka ce na'urarka tana yi kafin magariba, ita ce.

Kuma ka rarrabe abu biyu. Akwai rawa mai sauri, wadda ido ke gani. Akwai kuma lanƙwasa a hankali, wadda ba ka gani, sai dai ka auna abu ɗaya da safe ka sake auna shi da rana ka tarar sun saɓa. Ta biyun ta fi cutar da mu, domin ba ta sallama.

Ka gaya mana me ke saman rufin nan, da tsayin na'urar daga kansa. Ilimin lissafin kuma na bar wa yaranmu da suka yi karatu, Allah Ya yi musu albarka.

Maryam Ɗanladi, Thuwal:

Baba Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya, Ya mai da ku gida cikin aminci. Abin da ka faɗa da idon aiki shi muke karantawa da lissafi. Malam Sanusi, ina karatun digiri na uku a kan sadarwa da haske, bari in gwada.

Haske tafiyar taguwa yake yi, tudu da kwari, tudu da kwari. A lezarka tsakanin tudu da tudu maikuromita 1.55 ne, shi ne nanomita 1550 ɗin da takardarka ta ce, wato ka raba milimita gida dubu ka ɗauki ɗaya da rabi. Ɗaur shi ne inda taguwar take a cikin wannan zagayen a wani wuri a wani lokaci: tana kan tudu, ko tana gangara, ko tana kwari. Ni taku nake ce masa. Ka ɗauka sahun mutane ne suka taso kafaɗa da kafaɗa, ƙafa ɗaya suke ɗagawa tare. Haka hasken ke fitowa daga na'urarka, sahu miƙaƙƙe. In wasu suka bi ta kan tayil wasu suka bi ta cikin yashi, duk za su iso, amma sahun ya karkace, wani ya riga wani da rabin taku, wani da taku biyu.

Yashin a nan shi ne iska mai sanyi, tayil kuma iska mai zafi. Haske ya fi sauri a iska mai zafi domin ba ta da kauri. Ma'aunin jinkirin haske a iska, in aka gwada da sararin da babu iska, kusan 1.00027 ne, kuma ƙarin zafi na digiri ɗaya yana rage shi da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. Za ka ce wannan ai ba komai ba ne. To lissafa: mita ɗaya na iskar da ta fi maƙwabciyarta zafi da digiri ɗaya yana sa hasken ya riga da kusan maikuromita ɗaya, fiye da rabin taguwarka ke nan. A mita ɗaya kacal. Kai kuma 800 gare ka, cike da ƙullin iska manya da ƙanana, daga masu girman mota har masu girman ƙwayar gero, iska na tura su suna gittawa.

Tsarin waɗannan ƙullin Kolmogorov ne ya bayyana shi a 1941 a Rasha, Tatarski ya ɗora shi a kan tafiyar haske, sannan David Fried a Amurka ya taƙaita mana shi a tsakiyar shekarun 1960 zuwa lamba ɗaya da ake rubutawa r0. Ma'anarta: faɗin yankin da sahun bai gama wargajewa ba a cikinsa. A duwatsun da ake kafa manyan maduban kallon taurari, kamar na ƙasar Chile, r0 kan kai santimita 10 zuwa 20 a hasken da ido ke gani. Ƙarfin hargitsin iskar kuma ana rubuta shi Cn². In iska ta kwanta yakan zama kamar 10⁻¹⁵ ko ƙasa, kusa da ƙasa mai zafi da tsakar rana yakan kai 10⁻¹³ har ya wuce. Na sa lambobinka a lissafi. A 10⁻¹⁵, r0 ɗinka ya haura santimita 30, gilashinka na santimita 10 yana ganin sahu miƙaƙƙe. A 10⁻¹³ ya faɗo tsakanin santimita 2 da 4. Gilashin ya fi shi faɗi sau biyu da rabi zuwa biyar.

Ga inda abin ke cizo. Cikin siririyar faibar da ka ambata, hanyar hasken kusan maikuromita 9 ce. In sahun ya shigo a karkace, ɗigon hasken da gilashin ya tara zai kauce gefe. A lissafina kaucewar za ta kai maikuromita 7 ko 8, kusan faɗin ƙofar gaba ɗaya. In kuma sahun ya yamutse, ɗigon ya fashe ya zama ɓarɓashi. Hasken ya iso gidan, ƙofar ce bai samu ba.

Yanzu awo. Babu na'urar da ke ganin taku kai tsaye, domin taguwarka tana kaɗawa sau tiriliyan 193 a sakan ɗaya. Kowace kyamara ƙarfin haske kawai take gani. Dabarar duka ita ce a mai da taku ya zama abin da ake gani.

A ɗakin bincike mukan raba leza biyu, rabi ya tafi ya bugi madubi mai mayar da haske ya dawo, rabi ya zauna gida, sai a haɗa su. Inda tudu ya hau tudu haske ya ƙaru, inda tudu ya faɗa kwari ya mutu, daga wannan bugun ake karanta yawan jinkirin da iska ta jawo. Da irin wannan ne masu bincike na Jami'ar Yammacin Ostareliya da hukumar sararin samaniya ta Faransa suka auna takun leza kuma suka daidaita shi tsakanin gine-gine biyu a Tulus, nisan mita 265, aka buga sakamakon a 2021. Amma wannan yana son leza mai tsabtar launi ƙwarai, ba aikin saman rufi ba ne. Akwai kuma na'urar Shack da Hartmann, wadda Roland Shack da Ben Platt suka kammala a Arizona wajen 1971: faranti mai ƙananan gilasai jere kamar saƙar zuma, kowanne yana yin ɗigonsa a kan kyamara, kaucewar kowane ɗigo tana faɗin karkatar sahu a wurinsa. Tana da tsada.

Wadda za ka iya ita ce 'yar ƙanwarta mai ido biyu, wadda Sarazin da Roddier suka tsara wa masu binciken taurari na Turai a 1990. Ka ari madubin kallon taurari na masu sha'awa, mai faɗin santimita 15 ko 20. Ka rufe bakinsa da kwali baƙi, ka huda ramuka biyu, kowanne santimita 2, tsakaninsu kamar 12. A ɗaya siton ka kafa ƙaramar jar fitila mai haske sosai kusa da kan na'urar. Ka ɗan kauce wa daidaita madubin kaɗan, za ka ga fitilar ta zama ɗigo biyu. Abin da za ka auna shi ne tazarar da ke tsakanin ɗigon biyu, yadda take buɗewa tana tsukewa. In ƙafar madubin ta girgiza ko tirela ta wuce, ɗigon biyu tare za su motsa, tazarar ba ta canzawa. Iska ce kaɗai ke iya raba su, domin kowane rami ta hanyarsa haskensa ya biyo. Daga yawan wannan motsin ake fitar da r0.

Sharaɗi ɗaya: kyamara mai sauri. In iskar gefe tana tafiyar mita 3 a sakan, siffar sahun tana canzawa cikin kashi 2 ko 3 cikin dubu na sakan. Bidiyon waya mai hoto 30 a sakan zai dama komai ya ba ka iska mai kyau ta ƙarya. Ka sa buɗewar ido ta kyamara a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. r0 ɗin da ka samu da jan haske ka ninka shi kusan sau 2.8, shi ne na lezarka, domin hasken da tudunsa suka fi nisa da juna ya fi jure hargitsi.

Don Allah kada ka yi amfani da koriyar lezar nan ta kasuwa. Tana ƙona ido, balle ta cikin madubi, kuma sararin Jidda cike yake da jirage.

Abdulhadi Faiba, Riyad:

Malama Maryam, bayani ya yi kyau, amma ina ganin an kai mutumin nan makaranta alhali aiki ne a gabansa. Na kafa irin waɗannan na'urori guda huɗu a nan Riyad, uku daga ciki matsalarsu ba iska ba ce, ginin ne. Sito na ƙarfe in rana ta buge gefensa ɗaya yana miƙewa, rufin ya ɗan murɗe. A nisan mita 800, karkatar kashi ɗaya cikin ɗari na digirin kusurwa tana kautar da haske santimita 14. Lokacin da hakan ke faruwa kuwa shi ne daidai wannan lokacin, azahar zuwa la'asar. Malam Sanusi, a kan me ka ɗaure ta? In a kan kwanon rufi ne ko katangar ƙarfe, ka nemo ginshiƙin kankare tukuna kafin ka je aron madubi. Kuma ka ajiye wa mutumin ƙaramin rediyo mai aika bayanai a gefe wanda zai karɓi aikin in leza ta yanke. Babu mai kafa wannan na'ura a ƙasar nan ba tare da shi ba.

Maryam Ɗanladi, Thuwal:

Malam Abdulhadi, maganarka gaskiya ce, kuma lissafinka na santimita 14 daidai ne. Shi ya sa ma na zaɓi ido biyun: bidiyo ɗaya zai raba muku gardama. In ɗigon biyu suna tafiya tare a hankali cikin mintuna, gini ne ko kuma lanƙwasar da Baba ya ambata. Ita ma ba ƙarama ba ce: in zafin iska yana raguwa da kashi ɗaya cikin goma na digiri a kowane mita na tsayi, hasken zai lanƙwasa sama da kusan santimita 3 a wannan nisan. In kuwa tazarar tsakaninsu ce ke rawa da sauri, hargitsi ne. Yankewar sakan biyu ta dawo ta fi kama da hargitsi, gini ba ya murɗewa ya warware cikin sakan biyu.

Abin da na manta ban faɗa ba, kuma shi ya sa tambayar Baba game da rufin take da nauyi: ba duk mita 800 ɗin ne nauyinsu ɗaya ba. Hargitsin da ke bakin mai karɓa shi ya fi karkatar da sahun da ke shiga gilashi. Wanda ke bakin mai aikawa shi ke sa hasken gaba ɗaya ya yi ta lilo yana kauce wa inda aka nufa. Na tsakiyar hanya kuma shi ya fi jawo ƙyaftawa, domin karkatattun sassan sahun suna samun nisan da za su haɗu su yi haske a nan, duhu a can, irin ƙyaftawar taurari. Tunda kowane kai naka yana aikawa yana karɓa, mita ashirin na farko a kowane rufi sun fi sauran hanyar muhimmanci. Da rana kuma hargitsi yana raguwa da sauri in ka yi sama: daga mita 1 zuwa mita 4 bisa shimfiɗa mai zafi, Cn² kan sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin shida. In ka ɗauki bidiyon ka turo, ina da 'yar manhaja ta Python da za ta bi tsakiyar kowane ɗigo.

Sanusi Mai Kyamara, Jidda:

Jama'a ku yi haƙuri da shiruna na kwana goma sha biyu, ina saman rufi ne. Baba, Malama, Malam Abdulhadi, Allah Ya saka da alheri. Ga abin da ya faru.

Madubin na samu wajen wani malamin makaranta ɗan Masar da na taɓa haɗa wa kyamara a gida, mai fita duban wata. Kwalin na yanka daga akwatin firinta na shafa masa baƙin fenti, ramukan da bakin kwalbar turare na zana su. Kyamara kuwa cikin kayana na ɗauko wadda ake sa wa a ƙofa don karanta lambar mota, ita ce ke yarda a rage mata buɗewar ido zuwa ɗaya cikin dubu. Yarona Isma'il ya zauna a siton arewa da jar fitila, ni ina na kudu, muna magana ta waya.

Na ɗauki minti ɗaya a kowace sa'a, daga bayan asuba zuwa isha, kwana uku. Baba, wallahi yadda ka faɗa haka na gani. Misalin bakwai saura na safe ɗigon nan biyu suka tsaya kamar idanun mage a duhu. Na kira Isma'il na ce ko ya taɓa wani abu, ya ce a'a. Da ƙarfe ɗaya kuwa ba ka iya bin su da ido, suna matsowa suna rabuwa, wani lokaci ɗaya ya fashe gida uku ya sake haɗuwa. Wajen shida na yamma suka sake natsuwa. Da dare akwai 'yar rawa, amma ba ta kai ta rana ba. Malama Maryam ta sa bidiyon a manhajarta, ta ce da safe r0 na lezata ya fi faɗin gilashin nesa ba kusa ba, da azahar kuma ya sauko wajen santimita 3. Na sa lokutan kusa da rajistar yankewar da na'urar ke ajiyewa, suka hau kan juna.

Amsar tambayarka Baba, kuma a nan laifina yake. A siton kudu na kafa na'urar mita ɗaya da 'yan kai bisa rufi, rufin kuma an shafe shi da baƙin kwalta saboda yoyo. Gabanta, kamar taku goma sha biyu, akwai injinan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, guda shida na ofisoshi, jere, suna hura zafi sama, layin hasken ya bi ta kansu daidai. Lokacin da na kafa ta a Fabrairu biyu kawai ake kunnawa, ban kawo su a raina ba. Ranar Juma'a da babu ma'aikata na roƙi mai gadi muka kashe su duka na minti ashirin da ƙarfe biyu. Ina kallon allo rawar ta ragu, ba ta tafi duka ba, amma ɗigon sun daina fashewa, kuma cikin mintunan nan layin bai yanke ko sau ɗaya ba. Muka kunna, kafin minti uku ta dawo.

Malam Abdulhadi, kai ma ka samu naka. A bidiyon siton arewa ɗigon biyu suna zamewa tare zuwa gefe ɗaya daga hantsi zuwa la'asar, a hankali, kuma a can kan katangar ƙarfe na ɗaure. Na riga na mayar da shi kan ginshiƙin kankare na matakala. Rediyon ma na sa, ban yi gardama ba.

Na je wa mai sito da bidiyo biyu a waya, na bakwai na safe da na ɗaya na rana, na ajiye masa su gefe da gefe. Na gaya masa wurin da na zaɓa tun farko kuskure ne, kuma aikin matsarwar a kaina yake. Ya daɗe yana kallon ɗigon nan, sannan ya ce in yi abin da ya dace.

Na mayar da kan kudu zuwa kusurwar arewa maso yamma ta rufin, bakin katanga, inda iskar teku ke fara bugowa kafin ta bi ta kan kwalta, injinan kuma suna bayansa. Na ɗaga shi mita uku a kan bututun ƙarfe mai kauri. Kwana biyar ke nan, yankewar azahar ta koma sau ɗaya ko biyu a yini, rediyo yana rufe gurbin. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo: bayan la'asar in iska ta yi ƙarfi bututun yana ɗan kaɗawa, ina ganin ɗigon biyu suna lilo tare. Gobe zan ɗaure shi da wayoyi uku zuwa kankare. Malam Abdulhadi, wane kaurin waya kake sa wa naka, kuma kana sa musu abin ɗamewa mai zare ko kuwa walda kake yi? Malama, madubin zan mayar wa mai shi ranar Asabar, amma ya ce in sake ɗauka a watan Agusta lokacin da gumin Jidda ya kai maƙura. In damshi yana canza lissafin, ki gaya mini me zan ƙara rubutawa a kowace sa'a ban da lokaci da zafin iska.